Baba ya rasu ya bar mana rumfar dukanci, in sayar in buɗe POS?

Wani matashi daga nan cikin garin Sakkwato ya turo min tambaya, mahaifinsu baduku ne, ya rasu bara ya bar musu rumfa da yara biyu masu ɗinki, ga iyaye mata biyu ga ƙanne, kuma duk cefanen gida daga rumfar yake fita. Fata ta yi tsada, ciniki ya ja baya, wai ya sayar da kayan ya buɗe POS?

To ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Tsadar nan gaskiya ce, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, sannan aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar sai a Maris 2024 aka buɗe, kowa a garin nan ya ji a jikinsa. Amma ni abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne ban ji ka ce an raba gado ba.

Rumfar nan yanzu ta magada ce, kai riƙo kawai kake yi. Ku kira malami ko ku je gaban alƙali, a ƙirga komai, fatun da ke jibge, tumtum da jakunkunan da aka gama, keken ɗinki, har bashin da Baba ke bin mutane. A fara biyan bashin da ake binsa, musamman majema da suka ba shi fata bisa amana, sai wasiyya in akwai, sannan iyayenku mata su raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, tsakaninsu, abin da ya rage kuma a tsakanin 'ya'ya namiji ya ɗau rabon mata biyu. Ba sai an watsa kayan ba fa, a takarda za a raba, wanda ya yarda ya bar kasonsa a ciki ya zama mai hannun jari ana ba shi riba bayan wata uku ko shida, wanda ya ce a ba shi nasa a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. In ba haka ba wallahi nan da shekara biyu jarin zai ƙare a tukunya kuma kai za a ce ka cinye, ga ka da wahala ga baƙin jini.

Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda kake biyan yaran rumfa, ka buɗe akawun daban da sunan sana'ar, kuɗin kwastoma kada ya shiga layin da kake sayen data da shi. Cefane kuma a tsayar masa da adadi duk mako. Za a yi gunaguni, ka daure.

Batun ciniki, kada ka ce za ka yi gasa da takalman roba na Caina, ba za ka iya ba. Kai fatar jan akuyar Sakkwato ce a hannunka, wadda tun zamanin fatake ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Fatar da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, wanda ya san ta zai biya. Sai dai masu sayen kube da zabira sun yi ƙaranci, ka rage su, ka koma jakar laftof, walat, gidan waya, da gafaka mai kyau lokacin saukar karatu, kayan doki kuma sai an yi oda kafin sallah. Duk oda ka karɓi rabin kuɗi tukuna ka yanka fata. Ka ɗauki hoto da hasken safe ka sa a WhatsApp da Instagram, kuma ka ɗauko wayar Baba ka kira tsoffin kwastomominsa ɗaya bayan ɗaya, 'yan Kano da Abuja da yawa ma ba su san ko rumfar na nan ba.

Yaran nan biyu ka riƙe su da kyau ko da ƙarin kuɗin aiki ne, in suka tafi kabu-kabu hannun Baba ya tafi ke nan.

POS kuwa, leƙa titinku ka ƙirga lema nawa ke jere. In ƙanenka na zaune ba aiki a ajiye masa na'ura ɗaya a bakin rumfar daga nasa kason, ba daga jarin fata ba.