Tambaya da amsa: Ta ina zan fara gyaran taswirar duniyar wasana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muna yin wasan nan na shiga rigar jarumai irin Dungeons & Dragons, kuma ni ke jan labarin. Na zana taswirar duniyar da muke wasa a ciki, sai wani abokina da ya karanta ilimin ƙasa ya ce kogina ya taso daga teku ya faɗa wata teku, kuma na jera hamada da kurmi wuri guda. Ta ina zan fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam. A kan kogin abokinka ya yi gaskiya. Hamada da kurmin kuwa ba sai ka goge su ba, dalili kawai za ka nema musu.

Ka fara da tsaunuka kafin ka zana ruwa ko ɗigo ɗaya. Kogi daga tudu yake tasowa, ya bi gangara, rafuka na zuba a cikinsa har ya kai teku ko tafki. Teku biyu kuwa kusan a kan tsayi ɗaya suke, babu gangarar da kogi zai bi daga wannan zuwa waccan. Ka dasa tsauni a tsakiya, kogin ya zama biyu, kowanne ya nufi tasa tekun. Ka kuma tuna koguna haɗuwa suke yi, kamar Binuwai da Kwara a Lokoja. Ba kasafai suke rabuwa ba sai a bakin teku ko a shimfiɗaɗɗen fili.

Amma kada tsoron kuskure ya sa ka zana koguna miƙaƙƙu kamar sanda. Kwara yana tasowa a tsaunukan Gini, kimanin kilomita 240 daga Atlantika, sai ya ba tekun baya ya nufi arewa maso gabas har kusa da Tumbuktu, ya karkato ta Yamai, ya ci kusan kilomita 4,180 kafin ya isa teku. Shari da Komadugu Yobe ba su ma ga teku ba, a Tafkin Chadi suke ƙarewa.

Yanzu iska, wadda ita ce masu zanen taswira suka fi mantawa da ita. Ka ja kibiya ka nuna daga ina take kaɗawa. Iskar da ta kwaso danshi daga teku in ta ci karo da tsauni, dole ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a gefen da ta fito. Kafin ta sauka ɗaya gefen ta bushe. Haka abin yake a Kudancin Amurka: gabas da tsaunukan Andes kurmin Amazon ne, yamma da su hamadar Atacama, wadda sanyin ruwan tekun da ke gaɓarta ya ƙara wa bushewa. A gindin Dutsen Kamaru ta ɓangaren teku, ƙauyen Debundscha yakan sami ruwan sama kusan milimita 10,000 a shekara. To ka sa doguwar sarƙar tsaunuka tsakanin kurminka da hamadarka, tekun ta kasance ta gefen kurmin.

In ba ka son tsauni a wurin, sai ka ba su tazara. Ka tuna tafiya daga Fatakwal zuwa Agadas: kurmi, sai dogayen ciyayi da ɗorawa da kaɗanya, sai ƙaya da aduwa, sannan rairayi. Ruwan Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, na Agadas bai kai 200 ba, kuma a hankali yake raguwa.

Ka ja layin da ya raba duniyarka biyu, arewa da kudu, wato ikwaita. Kusa da shi zafi da ruwa, manyan hamadu kuma galibi tsakanin digiri 15 da 30 daga gare shi. Tsayi yana sauya lissafin: duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Shi ya sa Jos ke da sanyi, Kilimanjaro kuma ke da ƙanƙara a kansa alhali yana dab da wannan layi.

Abin da ya sa nake so ka ɓata lokaci a kan wannan shi ne, daga nan labarinka zai samu abin ci. Damina da hunturu iska biyu ne ke karɓa-karɓa, ɗaya daga teku, ɗaya daga Sahara. In duniyarka na da irinsu, jarumanka sun san watan da kogi ke cika ya hana tsallakawa, da lokacin da hazo ke rufe hanya. Garuruwa kuma ka ajiye su inda mutum zai so zama: mashigar kogi, bakin fadama, rijiyar da ayari ke yada zango. Gishiri da dabino ne suka sa raƙuma ke keta hamadar Tenere zuwa Bilma. Ka ba kowane garinka irin wannan dalili.

In kuma kana ƙaunar kogin nan naka da ya haɗa teku biyu, ka bar shi, ka mai da shi mashigi da wani tsohon sarki ya sa aka haƙa, ko aikin aljanu. Sai dai mutanen duniyar su san abin mamaki ne, su riƙa ba da labarinsa, masarautu kuma su yi ta faɗa a kan wanda zai karɓi kuɗin fito a bakinsa.