Amsa ga mai shagon kayan waya a Ƙaura: riƙe kirifto a hannunka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai yau da na rufe shago don in samu natsuwa. Ka ce kana da shagon kayan waya a Ƙauran Namoda, ɗaliban Poli suna yawan tambayarka ko kana karɓar USDT (kuɗin intanet, wato kirifto, da darajarsa ke bin ta dalar Amurka), wani kuma ya ba ka shawarar ka kwashe kuɗinka daga manhajar kamfanin da kake saye da sayarwa ka mayar walet ɗin kanka, wato manhajar ajiya da makullinta ke hannunka kai kaɗai, har ma ka kafa na'urar karɓar kuɗi taka. Kana so ka ji ko abin ya kai a wahala a kansa.

Ni a Gusau nake, sana'ata batura da kayan sola, kuma tun 2020 nake cikin harkar nan. Neman riba bai kawo ni ba. Biyan kuɗin kaya ne ya kawo ni, domin wanda ke yi mana lodi daga Cana ya ce in za mu tura masa USDT kaya za su taso a ranar, ba sai an yi ta jiran canji ba. Da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa kirifto a Fabrairun 2021, wani banki ya rufe mini asusu na tsawon makonni saboda ciniki guda ɗaya, duk muka koma P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum. An ɗage wannan hanin a Disambar 2023, sannan a 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari. Ke nan ba harkar ɓoye ba ce yanzu. Kuma duk ɗan kasuwar da ya ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san dalilin da ya sa mutum ke son ajiye wani ɓangare na jarinsa a abin da ba ya narkewa a hannu.

A kan walet ɗin kanka, amsata ita ce e, ka yi. Lambar da kake gani a manhajar kamfani alkawari ce kawai, kamar ka ba wani mai shago ajiya ya rubuta a littafinsa. Muddin yana nan kuma yana da gaskiya, lafiya lau. FTX na cikin manyan kamfanonin kirifto na duniya, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Nuwambar 2022 da kuɗin mutane a ciki. Binance bai rushe ba, amma a Maris 2024 ya daina hulɗa da naira bayan rikicinsa da gwamnati, dole kowa ya canja hanya ba shiri. Kamfani wurin ciniki ne: ka shiga, ka saya, ka fita da kayanka.

Sai dai ka fahimci abin da za ka ɗauka. Idan ka buɗe walet irin su BlueWallet ko Electrum na Bitcoin, ko Trust Wallet mai ɗaukar USDT, za ta nuna maka kalmomin Turanci 12, wasu 24, da aka zaɓo daga wani jeri mai kalmomi 2048. Kuɗin ba a cikin wayarka suke ba, suna rubuce a littafin da dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Waɗannan kalmomin su ne makullin. Waya ta faɗa rijiya, ka sayi wata, ka shigar da kalmomin a jere, kuɗinka su dawo. Kalmomin suka ɓace tare da wayar, shi ke nan, babu manaja, babu ofis, babu wanda za ka kai wa kuka. Wani ya gan su, ko yana wata ƙasa, zai kwashe komai ba tare da ya taɓa wayarka ba. Shi ya sa ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura wa kai a WhatsApp, ba a adana su a imel. Biro da takarda, kwafi biyu, wuri biyu, inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. Duk wanda ya ce ka turo masa su don ya gyara maka matsala, ɓarawo ne, ko da tambarin kamfanin yake magana.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutun, abin da ba a cika faɗa ba a wuraren koyar da kirifto. Ina da aboki, tare muka fara. Ya fi ni iyawa, shi ya fara nuna mini yadda ake buɗe walet. Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota, ya bar mata ɗaya da yara huɗu da mahaifiya. Da aka zo rabon gado ni da bakina na shaida cewa yana da USDT mai yawa, don na san kuɗin kayan da yake shirin turawa. Aka kawo mini wayar, allonta ya fashe amma tana kamawa. Mun samu buɗe wayar, walet ɗin kuma ta nemi lambar sirri da ba wanda ya sani. Muka juye ɗakinsa da shagonsa, muka duba cikin littattafai, ƙarƙashin katifa, aljihun tsofaffin riguna, ba mu ga takardar kalmomin ba. Ina da adireshin walet ɗin domin na sha tura masa kuɗi, har yau in na duba ina ganin kuɗin suna nan daram, haƙƙin marayu, ba mai iya taɓawa. Akwai kuma bashin da ake bin sa wanda da an biya daga ciki. Ban taɓa jin nauyin wannan harka ba kamar ranar da mahaifiyarsa ta tambaye ni, to yanzu ina za a je a karɓo?

Tun daga nan na canja tsari, kuma shi nake ba ka. Dukiyar da ke walet ɗinka ta magada ce ranar da ka faɗi, kuma wasiyya abu ce da addini ya kwaɗaitar da ita. Na rubuta takarda da Hausa dalla-dalla: sunan manhajar, irin kuɗin da ke ciki, inda takardar kalmomin take, da wanda za a nema ya taimaka a buɗe a gaban shaidu. Kalmomin kansu ba sa cikin wannan takardar, suna cikin ambulan a rufe a wani wurin. Mutum biyu suka san da maganar, uwargidana da yayana. Na kuma zaunar da uwargida muka buɗe wata walet ta gwaji da ɗan kuɗi kaɗan, muka goge ta, ta dawo da ita da hannunta. Ka yi wannan kafin ka zuba kuɗin kirki.

Ka kuma san inda muke zaune. Baki shi ke yanka wuya. A banki akwai iyakar abin da za a iya turawa a rana, walet kuwa in aka tsare mutum aka sa shi ya buɗe, minti ɗaya ya isa, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Kada ka riƙa sa hoton abin da ka mallaka a Facebook, kada yaran shago su san adadi. Wayar da kake hawa hanya da ita, ko zuwa Gusau ne ko kasuwar Shinkafi, ta ɗauki kuɗin cinikin yini kawai. Babbar ajiya tana gida a wata tsohuwar waya da ba a sa mata komai, ko ƙaramar na'urar ajiya irin Trezor ko Ledger idan jarin ya kai, ita ma sabuwa dal a kwalinta, ba ta hannu ba.

Kada kuma wani ya ce maka kirifto zai maye gurbin kuɗin hannu a nan. Ka tuna Satumbar 2021 da aka katse sabis a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako-mako. Kuɗina suna walet, ba abin da ya same su, amma ko sisi ban iya motsawa ba sai da na fita jihar. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ma, mai masara a ƙauye tsabar kuɗi yake nema. Don haka kada jarinka duka ya tafi can.

Batun karɓa a shago ba shi da wuya. Ka yi farashi da naira, ka lissafa da canjin wannan lokacin. USDT na tafiya a kan hanyoyi daban-daban, wadda aka fi amfani da ita a nan ita ce Tron, adireshinta da harafin T yake farawa, kuma in za ka tura daga walet ɗinka sai kana da ɗan TRX, kuɗin ita Tron ɗin, na biyan kuɗin hanya. Ku tabbatar hanyar mai turowa da taka ɗaya ce. Kada ka miƙa kaya don an nuna maka hoto, yadda ake alat na bogi haka ake yi a nan, har da kuɗin jabu mai suna USDT. Sai ka gani a taka walet ɗin. Ka kuma sani kamfanin Tether da ke fitar da USDT yana da ikon daskarar da shi a kowane adireshi, kuma yana yi idan hukumomi suka nema. Bitcoin ba mai iya yi masa haka, amma farashinsa ba ya zama wuri ɗaya: ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, bayan shekara guda ya dawo wajen 16,000. Tabbatar da cinikinsa kan ɗauki kamar minti goma, sai dai ta Lightning, wata hanyar biya da aka gina a kan Bitcoin, da ke zuwa nan take. Kuɗin sayo kaya ba na barin su a Bitcoin.

Na'urar karɓar kuɗi ta kanka kuwa, na gwada. BTCPay Server ake ce wa manhajar, kyauta ce, ba ta cire ko kwabo a ciniki, tana fitar wa kowane mai saye sabon adireshi da rasit. Abin da ya fi burge ni, za ka iya ba ta makullin kallo kawai, ta ga kuɗi sun shigo amma ba ta iya fitarwa, ko an sace kwamfutar ba a sace kuɗin ba. Amma tana tafiya ne da kwafin littafin Bitcoin, wanda ya haura gigabait 600. Ko ka zaɓi ta riƙa share tsofaffin shafuka, sai ta sauke su duka tukuna ta tantance. Ni mai sayar da sola ne, wuta ba ta dame ni ba, data ce ta cinye ni, ga sabis da ke ɗaukewa a tsakiyar aiki. Na yi watanni ina kula da ita, masu biya da Bitcoin ba su taka kara sun karya ba, kusan kowa USDT yake kawowa. Ga shago irin naka walet a waya ta wadatar. In dai don ilimi ne, ku haɗu ku uku ko huɗu da ɗaliban nan masu karatun kwamfuta ku kafa guda ɗaya, tana iya ɗaukar shaguna da yawa kowa da makullinsa, kuma ina son ganin yaranmu sun iya wannan da hannunsu.

Da yake ɗalibai ne abokan cinikinka, za su zo maka da maganar maining (tara sabon kuɗin kirifto a manhajar waya) da jiran ta fashe, wato ya yi daraja, da dandalin da ke ninka kuɗi a wata guda. Mun ga yadda irinsu suka rushe da kuɗin mutane, MMM a 2016, CBEX a 2025, banza ba ta kai zomo kasuwa. In za ka jawo mutum cikin harkar nan, kada ka yi masa alkawarin riba. Nuna masa yadda zai karɓi kuɗin aikinsa daga waje, ko ya biya kaya, ya kuma riƙe makullinsa. Batun halasci malamai sun yi saɓani, ka zauna da malamin da ka yarda da shi ka bayyana masa ainihin abin da za ka yi, don saye da biya daban, cacar hasashen farashi da bashi daban.

In kana shigowa Gusau ranar Lahadi ka yi mini magana ta akwatin saƙo. Ka taho da tsohuwar waya, biro, takarda da naira dubu biyar, mu buɗe, mu goge, ka dawo da ita da kanka. Ka zo da wanda za ka bar wa wasiyyar, shi ma ya gani.