Ƙabar Baba ta fara maƙalewa, amma sun ƙi tiyata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibar aikin jinya ce. Mahaifina shekarunsu 63, suna da ƙaba a matsematsin dama kusan shekara uku. A da in sun kwanta sai ta koma da kanta. Makon jiya ta fito ta ƙi komawa tun yamma har tsakar dare, suka yi amai, daga baya suka danna ta da ƙarfi ta koma. Akwai wani mutum da yake sayar musu da magani, ya ce yana narkar da ƙaba, kuma wai komawar da ta yi alama ce maganin ya fara aiki. Baba sun ƙi jin zancen tiyata ko kaɗan. Wallahi na kasa barci. Da gaske akwai maganin da yake narkar da ita? Me zan gaya musu?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya. Hankalinki bai tashi a banza ba. Babu maganin sha, ko na shafawa, ko allura da yake warkar da ƙabar babban mutum. Kuma abin da ya faru makon jiya gargaɗi ne, ya kamata likitan tiyata ya ga Baba cikin kwanakin nan.

Tun da kina karatun jinya, ba sai na jero miki shimfiɗun bangon ciki ba. Kin san tsokoki uku na gefe da suka hau kan juna, kowacce zarenta ya nufi wani ɓangare daban, kin san dogayen tsokoki biyu na tsakiya da farin layin da ya haɗa su. Ki dai tuna da wuri ɗaya. 'Ya'yan maraina a can kusa da ƙoda suke fara samuwa, sai a watannin ƙarshe kafin haihuwa su ratsa bangon ciki su sauko. Hanyar da suka bi tana nan har abada, tsawonta kamar santimita 4 a jikin babba, ta nan igiyar maniyyi da jijiyoyin jininta suke wucewa. Wannan ne wuri mafi rauni a bangon cikin namiji. Shi ya sa wajen kashi 27 cikin 100 na maza suke samun ƙabar matsematsi a rayuwarsu, mata kuwa kashi 3 ne kawai.

Daga cikin bangon kuma akwai tantanin ciki, peritoniyom, wanda ya lulluɓe bangon ya kuma naɗe hanji, da ɗan ruwa a tsakani, kamar mililita 50, domin hanji ya riƙa zamewa ba tare da gogayya ba. Idan wuri ya yi rauni, wannan tantanin ne yake fara leƙowa ya zama jaka, hanji ko labulen kitsen nan da ya rataya a gabansa ya biyo shi ciki. Kumburin da Baba suke gani ke nan.

To a nan zan tsaya, domin kusan kullum sai na yi wannan maganar da wani. Mutane sun ɗauka ƙaba wani ƙullutu ne da ya tsiro, ko iska ce ta taru, ko datti ne da za a wanke. Wanda ya yarda da haka, dole ya yarda akwai abin da zai narkar da ita. Alhali abin da ke cikin kumburin hanjin mutum ne, lafiyayye, ya dai fito inda bai kamata ba. Me za a narkar? Hanjin? Ciwon shi ne ramin da ke bango, kuma da kowane irin sabulu aka wanke rigar da ta yage, ba za ta ɗinku ba. Ramin ba ya ma tsayawa yadda yake. Kowane tari, kowane yunƙuri a bayan gida, kowane kaya mai nauyi yana ƙara buɗa shi.

Abin da ya sa masu sayar da waɗannan magunguna suke cin kasuwa shi ne ƙaba da kanta tana shiga tana fita. Mutum ya sha magani da dare, ya kwanta, ya tashi da safe babu kumburi, sai ya ce magani ya yi. Kwanciyar ce ta mayar da ita, kamar yadda ta saba tun kafin maganin. Da yawa daga cikin magungunan kuma na sa zawo ne. Ciki ya saki, yunƙuri ya ragu, kumburin ya ɗan lafa na 'yan kwanaki, mai magani ya karɓi godiya. Ranar da ta maƙale ba za ki gan shi ba. Mu ake kawo wa mutumin da tsakar dare, bayan kwana biyu ko uku ana ɗura masa maganin zawo a kan hanjin da ya toshe. Ina jin takaicin wannan ƙwarai, domin aikin da za a gama cikin awa ɗaya mutum ya koma gida, sai ya zama na ceton rai. Mutumin da ya ji dattijo ya danna ƙabar da ta maƙale, kuma ya kira hakan waraka, bai san abin da ke bayan fatar ba, kuma bai damu ya sani ba.

Ga abin da yake faruwa idan ta maƙale. Bakin ramin yana shaƙe hanjin. Jijiyoyin da ke mayar da jini su ne suke fara matsewa, hanjin ya kumbura, kumburin ya ƙara shaƙewar, har jini ya daina shiga gaba ɗaya. Cikin kamar awa 6 wannan yankin na hanji yana iya fara mutuwa. In ya mutu ya huje, abin da ke cikinsa ya zube a kogon ciki. Faɗin tantanin ciki ya kusa faɗin fatar jikin mutum duka, kuma yana tsotsa sosai, shi ya sa ma ake amfani da shi wajen wankin ƙoda. Yadda yake tace jini, haka yake kwasar gubar ƙwayoyin cuta ya kai jini. Ciki ya sandare, zazzaɓi ya zo, bugun zuciya ya ƙaru, hawan jini ya faɗi.

Abu biyu nake so ki riƙe a nan. Idan hanjin ya mutu, zafin yana iya raguwa na ɗan lokaci, sai 'yan gida su ce an samu sauƙi. Wannan sauƙin mugu ne. Na biyu, dannawa da ƙarfi tana iya mayar da mataccen hanji ciki, ko ta tura jakar gaba ɗaya da wuyanta a shaƙe. Kumburi ya ɓace daga waje, shaƙewar tana nan a ciki inda ido ba ya gani. Allah ya kiyaye Baba a wannan karon, amma kada su sake.

Wataƙila kin karanta cewa ana iya jira. Gaskiya ne, amma ga wa? Binciken da aka wallafa a 2006 daga Amurka da Kanada, a kan maza 720, ya nuna wanda ƙabarsa ba ta damunsa zai iya jinkirta aiki, maƙalewa ba ta cika faruwa ba. Ko su ɗin, da aka bi su zuwa shekara goma, kusan biyu bisa uku sun koma an yi musu aikin, yawanci saboda ciwo. Baba ba sa cikin wannan rukunin, tasu ta riga ta maƙale har da amai. Rajistar ƙaba ta ƙasar Suwidin ta nuna hatsarin mutuwa yana ninkuwa sau 7 idan aikin gaggawa ne, sau 20 idan sai an yanke hanji.

Shi aikin kansa tsoho ne. Tun shekarun 1880 wani likitan tiyata mai suna Bassini ya tsara shi a Italiya, a shekarun 1980 kuma aka kawo salon shimfiɗa raga a kan wurin, wanda ya rage dawowar ƙaba sosai. A duniya ana yin sama da miliyan 20 duk shekara. Sau da yawa allurar kashe wurin kaɗai ko ta baya ta isa, ba sai an sa mutum barci ba. Ba zan ɓoye miki ba, kusan mutum ɗaya cikin goma yana fama da wani ciwo-ciwo a wurin na tsawon lokaci, kuma tana iya dawowa ga 'yan kaɗan. Tsoron da maza suke ɓoyewa kuwa, na rasa ƙarfin namiji, jijiyoyin da ke wannan aikin ba ta wannan hanyar suke bi ba. Ina zargin shi ne yake hana Baba, kuma ba ke za su gaya wa ba. Ki nemi wani ƙaninsu ko amininsu ya raka su, su yi maganar da likita su kaɗai.

Kafin ranar, a daina maganin nan. A duba in suna da tari mai naci, taurin bayan gida, ko wahalar fitsari irin ta kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, domin duk suna ƙara matsi, kuma za su iya lalata aikin. Idan ta sake fitowa ta ƙi komawa bayan sun kwanta na ɗan lokaci, ko wurin ya yi tauri da zafi, ko fatar ta canja launi, ko amai ya zo, ko suka daina fitar da iska da bayan gida, kada a ba su abinci ko ruwa, kada a danna, kada a jira gari ya waye. A kai su asibitin da ake tiyata, ki gaya wa likitan ƙarfe nawa ta fito.