Ga Malamar da ke son fara kiwon kifi da ɗalibanta

Malama, kin tambayi yadda za ki koyar da kiwon kifi a sakandare alhali ba ku da kududdufi, ba kuma kuɗin gina shi. Shekarata ta shida ke nan ina yin wannan aiki da ɗalibaina.

Kada ki jira sai an samu siminti. Tankin roba mai lita 1000 ya ishe ki, ki zuba 'ya'yan tarwaɗa kamar 50 waɗanda suka ɗan tasa. Tarwaɗa tana shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa ta fi karfasa jure kuskuren yara. Ranar da muka yanka ɗaya, suka ga gaɓar da take shaƙar iska da ita, mai rassa kamar bishiya, a cikin kanta, ajin ya yi tsit.

Amma gaskiyar darasin yana wurin sikeli. Duk Juma'a yara su kamo kifi goma su auna, su ƙiyasta nauyin duka tankin, sannan su fitar da abincin yini, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin. Su za su riƙe littafin da hannunsu, ba ke ba. Akwai yarinyar da ba ta ko son jin sunan lissafi, yanzu ita ke kama kuskuren 'yan ajinsu.

Shekarar farko mun zuba kifi a Nuwamba. Hunturu ya shigo, ruwa ya yi sanyi, kifi suka daina ci, yara kuwa suka ci gaba da zubawa don tausayi. Abincin ya ruɓe, ruwan ya yi wari, fiye da rabi suka mutu. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan muke auna zafin ruwa kowace safiya, don tarwaɗa ta fi cin abinci wajen digiri 26 zuwa 30. Ki riƙa ware manya kuma, suna cinye ƙanana.

Tsohon ruwan da kuka canza kada a zubar, a kai shi lambun alayyafo. Ki gayyato masunci daga garinku ya yi wa yara bayani, ki kuma nemi shawarar cibiyar binciken kifi ta New Bussa a Jihar Neja.

Zangon karatu wata uku ne, kifin kuwa yana bukatar biyar ko shida. Kafin ki sayo ko ɗaya, ki daidaita da mai gadi da ɗaliban da ke kusa kan wanda zai ba su abinci lokacin hutu.