Ana ba manomi fili a dajin gwamnati?

Malam, ka tambaya ko da gaske ana ba manomi fili cikin gandun dajin gwamnati. Da gaske ne, tsarin taungya ke nan, wanda Ghana ta sabunta a 2002. Hukumar gandun daji takan ware wurin da ya lalace, ka dasa itatuwan katako irin su ofram, ka noma masara da agade tsakaninsu har inuwa ta rufe gonar. In aka sare katakon, manoma na da kashi 40, hukuma 40, masu ƙasa 15, mutanen gefen daji 5.

Amma kuɗin yakan jima ƙwarai, don haka kada ka sa fartanya sai an rubuta yarjejeniya. Batun irin da ya dace da ƙasarka kuwa, je cibiyar binciken daji ta FORIG a Fumesua, nan bakin Kumasi.