Amsa ga mai tambaya kan gudun fanfalakin manyan birane: waɗanda zan ce ka kauce musu

Sallama ɗan'uwa. Ka ce ka tara kuɗi kana so ka je wani babban birni ka yi gudun fanfalakinka na farko, kana sa ran gama kilomita 42 ɗin cikin awa biyar ko sama da haka kaɗan, kuma kana neman a faɗa maka waɗanda suka fi muni. Na ga wasu sun jero maka sunaye. Ni abin da na riƙe a tambayarka shi ne awa biyar ɗin nan, don ita ce za ta raba gardama.

Wanda ya gama cikin awa biyu da 'yan mintoci da wanda ya gama cikin awa biyar ba tsere ɗaya suka yi ba, ko da titi ɗaya suka bi. Na gaba ya tashi da sanyin safiya, hanya fayau, ruwa na jiransa a kan teburi. Kai kuwa a rukunin baya za a sa ka. Kafin ka kai rabi rana ta take, kofunan da dubban mutane suka yar sun jiƙa kwalta tana santsi, masu raba ruwan ma sun gaji. Na daɗe ina gudu a wannan rukunin, don haka da idon 'yan baya nake maka magana.

Na farko da zan ce ka cire daga lissafi shi ne na Singafo. Hanyar ba ta da tudu sosai, kuma ana tashi tun kafin asuba, amma duk da haka ban taɓa jin jiki kamar a can ba. Matsalar laima ce. Jiki yana huce zafi ne idan gumi ya bushe a kan fata, to a can iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin ba ya bushewa, sai dai ya gangara cikin takalmi. Tun a kilomita na goma safa ta jiƙe sharkaf, kowane taku kana jin takalmin yana cakal-cakal, numfashi kuma kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Gwanaye sun gama kafin hantsi. Mai awa biyar shi rana ke samu a hanya. Kada ka ce ai ka saba da zafi. Zafin da gumi ke bushewa daban, wannan daban. Na Mumbai da ake yi a watan Janairu ma kusan haka yake, ga kuma hawan titin Pedder yana jiranka wajen kilomita na 35, lokacin da ƙafa ta riga ta mutu.

Ko a biranen da ake ganin masu sanyi ne, ranar da zafi ya zo 'yan baya ne ke ɗanɗana kuɗarsu. A Shikago a 2007 zafi ya kai digiri 31, ruwa ya yanke wa na baya a wasu tashoshi, mutum ɗaya ya rasu, aka dakatar da tseren ana tsakiyar yi. A Landan a 2018 digiri 24 ne kawai, amma nan ma sai da ruwa ya ƙare a wasu tashoshi kafin na baya su iso.

Yanzu ga wanda na san za a yi mini caa a kansa: New York. Ba na musun cewa 'yan kallonsa ba su da na biyu, musamman a Brooklyn. Amma a matsayin tseren farko ga mai tafiya a hankali, wahala ce za ka saya da tsada, don kuɗin rajista kaɗai ya haura dala 300, ba a zo maganar otal ba. Ana tashi ne daga tsibirin Staten, kuma kafin ka isa can sai ka bar masauki da duhu, ka hau bas ko jirgin ruwa, sannan ka zauna a fili cikin sanyin Nuwamba kana jira. Mutum sama da 50,000 ne, ana sakinsu rukuni-rukuni, na ƙarshe ba sa tashi sai bayan ƙarfe sha ɗaya. Ka ga mutane zaune a kan kwali, sun lulluɓa da tsofaffin rigunan sanyi da za su yar a bakin layi, ga dogon layin banɗaki. Karin kumallon da ka yi da asuba ya daɗe da narkewa kafin ka ɗaga ƙafa.

Hanyar kuma gada biyar ce, kowace gada tudu ce. Ta farko, Verrazzano, ba ka jin ta saboda ɗoki. Wadda ke karya mutane ita ce Queensboro, wajen kilomita na 25. Ba a barin 'yan kallo a kanta, a hawan ƙasa na gadar ake bi, ƙarfe a sama, iska na kaɗawa daga kogi. Bayan awanni cikin ihu da kiɗa sai ka ji tsit, ba abin da ke tashi sai ƙarar takalma da nishin na kusa da kai. A nan za ka ga mutane sun koma tafiya, wasu sun dafa ƙarfe suna miƙe ƙwauri. Can wajen kilomita na 37 kuma titin Fifth Avenue yana hawa a hankali, hawan da ido ba ya gani sai cinya. Ga shi rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar a wannan lokacin, don haka na rukunin ƙarshe da yawa a duhu suke gamawa, sannan su yi wata doguwar tafiya kafin su fita daga Central Park, lambun shaƙatawar da ake gamawa a ciki. Ka je, amma ba a karon farko ba.

Tokiyo tsaf yake, komai a kan tsari, kuma tsarin nan ne zai iya cinye ka. An ba da awa bakwai, sai dai ana ƙirgawa ne daga lokacin da aka harba bindiga, ba daga lokacin da ka taka layi ba. Na baya kan yi minti ashirin ko fiye kafin su iso layin. A hanya akwai shingaye masu lokaci, idan agogo ya cika sai a ja igiya, duk wanda bai wuce ba sai bas ɗin kwashe waɗanda aka cire daga tsere. Ba roƙo, ba magiya. Mai awa biyar zai wuce idan komai ya tafi daidai, amma ciki ya murɗa ka tsaya layin banɗaki a farkon tsere, to hankalinka ba zai sake kwanciya ba.

Boston kuwa kada ya dame ka yanzu, don sai ka taɓa gama wani fanfalaki cikin lokacin cancanta da suka ƙayyade ake ɗaukarka, ko ka tara wa ƙungiyar agaji kuɗi masu yawa. Wahalarsa ita ce gangaren farko daga Hopkinton, garin da ake tashi, yana cinye cinya a ɓoye, sannan tuddan Newton su tare ka bayan kilomita 25. Yanayin Afrilu a can ba shi da amana: 2012 zafi, 2018 ruwan sama mai sanyi da iska, har wanda ya zo na ɗaya, Yuki Kawauchi, sai da ya yi awa 2 da kusan minti 16.

Birnin Meziko yana kan tsayin mita 2,240, kowane numfashi iskar oksijin da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In ba za ka je da wuri jiki ya saba ba, bar shi. Na Beijin a 2014 an yi shi cikin hayaƙin da ya sa 'yan gudu da yawa suka sa takunkumi. Dubai shimfiɗe yake, masu neman lokaci suna son sa, amma miƙaƙƙen titi ne ka je ka dawo, 'yan kallo jefi-jefi. Ni dai kaɗaici a kilomita na 33 ya fi mini tudu ciwo, ko da yake na san masu son hakan.

Da ni ne kai, Balin ko Shikago zan nema. Duka biyun shimfiɗe suke, a kansu Eliud Kipchoge da Kelvin Kiptum suka kafa tarihin duniya a 2022 da 2023, kuma suna ba na baya sama da awa shida. A Shikago daga otal za ka iya takawa zuwa wurin tashi, lambun Grant Park, a nan kuma ake gamawa. Sai dai duka galibi ta ƙuri'a ake shiga, kuma ana buɗe rajistar kusan shekara guda kafin ranar, don haka ka fara dubawa tun yanzu. In ƙuri'a ba ta faɗo kanka ba, Amsterdam a Oktoba ko Sebiya ta Sifaniya a Fabrairu ba su da cunkoso irin na waɗancan. Kowanne ka zaɓa, kafin ka biya ka duba ƙarfe nawa rukuninka zai tashi, ka ƙara awa biyar a kai, sannan ka nemi yanayin garin a wannan sa'ar a shekarun baya.