Tambayoyinku: Fadar Versailles a Cikin Waya

Tambaya: Malam, ni ɗalibar tarihi ce, an ba mu aiki kan yadda sarakunan Turai suka tattara mulki a hannunsu. Ina son ganin fadar Versailles, amma wayata ba ta da wuri, ga tsadar data. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, ba sai kin sauke manhaja ba. Buɗe Chrome ki shiga shafin Google Arts & Culture, ki rubuta Versailles, za ki iya zagaya ɗakunan fadar da yatsa. Hotunan da ke juyawa ta kowane ɓangare suna zuƙe data, don haka ki bari sai kin samu Wi-Fi na makaranta ko datar dare, ki riƙa ɗaukar hoton allo kina adanawa. Idan kika ci karo da VersaillesVR ki wuce abinki, wannan sai da tabarau na musamman da kwamfuta mai ƙarfi.

Ki fara da Zauren Madubai: tsawonsa mita 73, madubai 357. Amma kada ƙyalli ya ɗauke miki hankali, tsarin ɗakunan za ki lura da shi. Sarkin Faransa Luwis na 14 yana yaro manyan Faransa suka yi tawayen Fronde, daga 1648 zuwa 1653, har aka gudu da shi daga Faris. Da babban wazirinsa Mazarin ya mutu a 1661 sai Luwis ya ƙi naɗa wani babban waziri, a 1682 kuma ya kwashe fada da gwamnati zuwa Versailles. Duk basaraken da ke neman muƙami ko kyauta dole a riƙa ganin fuskarsa a can, har tsayawa a ɗakin barcin sarki lokacin da yake sa kaya ya zama abin rububi. A larduna kuwa, jami'an da sarki ya tura ke kula da haraji da shari'a. Ɗakin barcin nan a tsakiyar ginin yake, ki tabbata kin ɗauki hotonsa.

Tambaya: Na tambayi ChatGPT, ya ce Luwis ya taɓa cewa "Ni ne ƙasa". In sa a rubutuna?

Amsa: Ka sa, amma ka rubuta cewa jingina masa aka yi. Masana tarihi ba su samu shaidar ya faɗa ba daga mutanen zamaninsa. Irin waɗannan manhajoji abin da ya fi yawo a intanet suke maimaitawa, kuma wannan jimlar ta daɗe tana yawo. Ayyukansa sun fi ta nauyi a gaban malaminka: shekara 72 a kan gado, daga 1643 zuwa 1715, da soke Dokar Nantes a 1685, dokar da ta ba Kiristoci Furotestan damar yin addininsu, abin da ya sa da yawansu suka bar ƙasar. Idan kana ɗan taɓa Faransanci, shiga Gallica, shafin ɗakin karatu na ƙasar Faransa, akwai takardun zamanin kyauta. Wasu fayilolin PDF ɗin manya ne, ka zaɓi shafukan da kake buƙata kawai kafin ka sauke.